Dokar Makaranta da Hakkin Ɗalibi: Abin da Wutar Jega Ta Koya Mana

A cikin watan Oktoba na 2024 wani mummunan labari ya fito daga Jega, cikin ƙasar Gwandu. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasahar Kiwon Lafiya ta Jihar Kebbi suka yi bore, suka sa wa gidan Shugaban kwalejin wuta, suka farfasa motarsa. Aka rufe makarantar, aka ce kowa ya koma gidan ubansa. Yaran da a ke koya wa ɗaure rauni da tsabtace gari, su ne suka ɗauki ashana. Wannan abin kunya ne, abin baƙin ciki kuma, ga mutanen Jega da duk wanda ya ke da ɗa ko ƙane a irin waɗannan makarantu.

Wutar ta daɗe da mutuwa, amma muna ganin bai kamata a bar maganar ta mutu tare da ita ba. Ko wace shekara makarantun kiwon lafiya suna ɗiban sababbin ɗalibai, kuma abin da ya haddasa fitinar Jega yana iya ɓullowa a ko'ina. Ra'ayinmu a kan wannan al'amari guda ɗaya ne, watau duk makarantar da za ta karɓi ɗan mutum da kuɗin ubansa, wajibi ne ta rubuta dokokinta, ta buga su, ta miƙa wa yaro tun ranar da ya shiga, sa'an nan ita ma ta ɗaure kanta da abin da ta rubuta.

MAFARIN RIGIMA

Ruwa ba ya tsami banza. Bisa ga labarin da jaridu suka buga a lokacin, an buɗe wani sabon fanni na kiwon lafiyar jama'a a kwalejin, aka ɗebi ɗalibai. Da tafiya ta yi nisa, don a samar musu takardar shaida mai amfani, sai aka haɗe fannin da na duba-gari. Daga nan aka nemi ko wane ɗalibi ya ƙara Naira 65,000 a kan Naira 30,000 da ya riga ya biya don rajista. An ce ɗaliban da abin ya shafa sun kai 250. Su ɗalibai suka yi zargin an tatse su kamar Naira miliyan 23. Shi kuwa Shugaban kwalejin ya musanta, ya ce ba shi da hannu cikin cin kuɗin kowa.

Raba gardama tsakaninsu aikin masu bincike ne da kotu, ba mu da ikon ɗora wa kowa laifi. Abin da mu ke so mai karatu ya lura da shi, shi ne nauyin kuɗin nan. A cikin wannan shekara ta 2024 ce Gwamnatin Tarayya ta tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000 a wata. Ashe ke nan ƙarin da aka nema ya kusa kai albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda cur. Ko da ko wane kwabo na ciki halal ne, kuma hukumar rajista za a kai wa, in aka faɗa wa mutum a ƙurarren lokaci, ba takarda, ba bayani, tilas zuciyarsa ta raya masa an cuce shi.

Duk da haka muna faɗa da babbar murya, sa wa gida wuta laifi ne babba, ba kuwa wani uzurin da zai wanke shi. A gidan nan akwai iyali da kaya, da abin ya zo da ƙarar kwana da rai ya salwanta. Me ɗalibai suka samu? An rufe makaranta, karatu ya tsaya, wanda ya yi ɓarna da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba duk suka kwashi kayansu.

MENE NE WANNAN RAJISTA?

Yawancin iyaye ba su san cewa makarantar kiwon lafiya ta bambanta da sauran makarantu ba. Wanda ya karanta tarihi ko lissafi, in makaranta ta ba shi takarda, shi ke nan. Amma mai aikin lafiya sai ya bi ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce makarantarsa, ta biyu kuwa ita ce hukumar ƙasa mai kula da sana'arsa, wadda ke ba da lasin na yin aiki. Likitoci suna da tasu majalisa. Masu jinya da ungozomomi suna da tasu, wadda dokar 1979 ta kafa. Ma'aikatan lafiya na karkara suna da hukumarsu tun 1992, duba-gari kuma suka sami tasu a 2002. Ban da waɗannan akwai Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, ita ke duba darussan difloma.

Waɗannan hukumomi su kan aiko masu dubawa su ga malamai, da ɗakunan gwaji, da asibitin da yara za su koyi aiki. In sun gamsu sai su yarda da fannin, su kuma yanka wa makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Bayan an ɗebi yara sai makaranta ta aika da sunayensu, a shigar cikin kundin hukuma, a ba kowa lamba. Yaron da ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar hukumar ba. Wanda bai zauna ba, ba shi da lasin. Wanda ba shi da lasin kuwa, ko ya fi kowa ƙoƙari a aji, doka ba ta san da shi ba.

Sabo da haka laifi biyu ne suka fi ko wane muni a wannan fage. Ɗaya shi ne buɗe fanni kafin a sami yardar hukuma, da fatan za a gyara daga baya. Ɗaya kuma shi ne ɗiban yara fiye da adadin da aka yanka, don kuɗin makaranta ya ƙaru. Duk biyun, ƙarshensu ɗaya ne, yaro ya ɓata shekarunsa ya fito da takardar da ba ta sayen komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Rigima a kan darajar takarda ba sabuwa ba ce a ƙasar nan. A 1930 Turawa suka buɗe makarantar likita a Yaba, kusa da Ikko. Yara suka sha karatu mai tsanani na shekaru, amma da suka gama sai aka kira su mataimakan likita, takardarsu ba ta da karɓuwa a Ingila, albashinsu kuma bai kai na wanda ya yi karatu a can ba. Ɓacin ran da tsarin karatun Yaba ya jawo yana cikin abin da ya sa samarin Ikko suka kafa ƙungiyarsu a 1934, ƙungiyar da daga baya ta zama ta siyasa. A nan Arewa kuwa, tun 1932 a ke koyar da duba-gari a Makarantar Tsabta ta Kano. A zamanin En'e, in aka tura yaro koyon duba-gari ko aikin ɗakin shan magani, ya san in ya ci jarrabawa aiki na jiransa. Yau ba mai yi wa yaro wannan alkawari. Abin da ya rage masa shi ne takardarsa, don haka tilas ta zama tsabtatacciya.

WA KE BIYA?

Ƙasar Gwandu ta sami rabo babba na makarantu tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. Ga kwalejin Jega, ga ta jinya da ungozoma a Birnin Kebbi, ga Jami'ar Jiha a Aliero tun 2006, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, wadda mazauninta ke Kalgo, tana da sashen koyon aikin likita. Yaron da a da sai ya je Sakkwato ko Zariya, yanzu ilmi ya zo masa ƙofar gida. Muna godiya ga Allah da Gwamnati a kan haka.

To, amma mu dubi manomi a ƙauye kamar Wurogauri, wanda Allah ya ba 'ya mai ƙwazo. Ya sai da damman gero, ya sai da ɗan rago, wani lokaci har ya jinginar da fadama, don ta yi shekara uku tana koyon aikin lafiyar karkara. Bai iya karanta Turanci ba, bai san sunan ko wace hukuma ba. Amana ce ya ɗauka ya danƙa wa makaranta. In aka aiko masa cikin bazara, rumbu ya yi ƙasa, aka ce a kawo ƙarin kuɗi nan da mako biyu, ina zai nufa? In kuwa bayan shekara uku aka ce takardar ba ta da amfani, maƙwabcinsa ba zai sake barin tasa 'yar ta tafi ba.

Hasarar ba ta tsaya a gidansa ba. Kowa ya san matan karkara da yawa ba su yarda namiji ya duba su wajen awon ciki da haihuwa. Wannan yarinya ita ce a ke sa rai za ta komo ta riƙe asibitin garinsu. Ko wace ɗaliba da ta faɗi a hanya sabo da sakacin ofis, wata mai naƙuda ce za a ɗora a kan babur cikin dare a nufi Gwandu ko Birnin Kebbi.

ABIN DA YA KAMATA A RUBUTA

Muna ba da shawara ko wace makarantar kiwon lafiya, ta Gwamnati ko ta 'yan kasuwa, ta buga ɗan littafin dokoki da Turanci da Hausa, ta ba ɗalibi da mahaifinsa. Abubuwa biyar ne bai kamata a rasa a ciki ba.

Na farko, matsayin fanni. A rubuta cikin takardar ɗauka sunan hukumar da ta yarda da fannin, da shekarar da ta yarda, da yawan ɗaliban da ta yanka. In ba a sami yarda ba tukuna, a faɗi haka ƙarara, wanda ya ga zai iya jira ya shiga da saninsa.

Na biyu, kuɗi. A jera dukan abin da ɗalibi zai biya daga shiga har fita, a rarrabe na makaranta da na hukumar rajista. A biya ta banki cikin asusun makaranta, a ba da rasiɗi, kada kwabo ya bi ta hannun malami ko shugaban aji. In hukumar ƙasa ta ƙara kuɗinta, a manna wasiƙarta a allon sanarwa kowa ya gani da idonsa, a kuma ba da wa'adin da talaka zai iya cimma.

Na uku, jarrabawa. A makarantun jinya an daɗe ana yin jarrabawar tankaɗe bayan watannin farko, wanda ya kasa a sallame shi. Wannan daidai ne, gama aikin rai ba wasa ba ne. Amma yaro ya san makin ci tun da wuri, da sau nawa zai iya maimaitawa, da yawan kwanakin zuwa aji da a ke bukata. A fid da sakamako cikin lokaci. Wanda ya ga an zalunce shi ya sami hanyar neman wani malami dabam ya sake duba takardarsa. Dokar da aka sake a tsakiyar shekara kuma kada ta hau kan waɗanda suka shiga da tsohuwa.

Na huɗu, hanyar kai kuka. A sa kwamiti wanda akwai wakilin ɗalibai a ciki, da mace aƙalla ɗaya, a yanka masa kwanakin da zai ba da amsa a rubuce. A bar ɗalibai su zaɓi shugabanninsu da kansu, gama hukumar da ta toshe bakin wakilai za ta wayi gari tana magana da taron da ba shi da shugaba. 'Yan mata su san wurin da za su kai ƙarar malamin da ya nemi lalata da su don maki, ba tare da tsoron ramuwa ba. Matar aure da haihuwa ta zo mata tsakiyar karatu ta san hutun da za a ba ta, da yadda za ta komo.

Na biyar, horo. Kada a kori ɗalibi sai an gaya masa laifinsa a rubuce, an ba shi lokaci, an ji ta bakinsa, kuma yana da inda zai ɗaukaka ƙara.

ABIN DA KOTU TA CE

Wannan magana ta biyar ba ra'ayinmu kaɗai ba ne, dokar ƙasa ce. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ko wane mutum hakkin a saurare shi da adalci. Akwai kuma wata shari'a da ta yi kama da al'amarin Jega ƙwarai. A 1983 ɗaliban Jami'ar Maiduguri suka yi tarzoma, aka yi ƙone-ƙone da ɓarnar dukiya. Jami'a ta kafa kwamitin bincike, ta kori waɗansu ɗalibai. Suka kai ƙara, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. A 1986, cikin shari'ar da a ke kira ta Garba da Jami'ar Maiduguri, kotu ta rushe korar. Dalili kuwa, Mataimakin Shugaban Jami'a wanda ya shugabanci kwamitin yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, mai ƙara kuwa ba ya zama alƙali. Har wa yau kotu ta nuna cewa manyan laifuffuka irin su sa wuta da sata, kotu ce ke da ikon yin shari'arsu.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙali ya san wannan tun kafin lauyoyi su faɗa, ba a yanke hukunci sai an ji ɓangare biyu. Darasin da ke ciki ga shugabannin makarantu shi ne, horon da aka yi cikin fushi ba bisa ƙa'ida ba, shi ke kuɓutar da mai laifi. In an bi doka sannu a hankali, mai laifi zai sha hukuncinsa, marar laifi ya koma aji.

Kada kuma ɗalibai su ɗauka kotu za ta ba su abin da ba su karanta ba. A 2005, cikin shari'ar Magit da Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi, Kotun Ƙoli ta nuna cewa auna ilmin ɗalibi da ba shi digiri aikin majalisar malaman jami'a ne. Hakkin ɗalibi shi ne a auna shi da mudu ɗaya da kowa. Cin jarrabawa kuwa sai da guminsa. Wanda ya saci amsa a makarantar lafiya, gobe shi zai riƙe allura a kan ɗan wani. Ba ma roƙon a sassauta wa irin wannan ko kaɗan. Zuwa aji, da kwana a ɗakin majinyata in an sa shi, da ladabi ga malamai, da rufa asirin marar lafiya, duk bashi ne a wuyan ɗalibi.

GA MALAMAI DA MA'AIKATAN OFIS

Ya ku malaman makaranta da ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, ku ne idon jama'a a wannan al'amari. Wurinku uba ke zuwa da takardar ɗauka ya ce, "Malam, duba mini." Ku ke cika fom, ku ke rubuta takardar shaidar ɗan ƙasa. Kada ku tsaya ga taya murna. Ku tambaya, wace hukuma ce ta yarda da wannan fanni? Mutum nawa aka yanka wa makarantar, nawa kuma ta ɗauka? Yaushe a ke aika sunaye don rajista? Nawa ne jimlar kuɗi har ƙarshe? In shekarar farko ta wuce yaro bai ga lambarsa ba, ku taimaki uban ya rubuta wasiƙa, ku ajiye kwafi. Ku gargaɗi yara su adana ko wane rasiɗi kamar yadda ma'aji ke adana na baitulmali. Makarantar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi, ta riga ta ba ku amsa.

Ga Gwamnati kuma muna da roƙo. Gwamna Nasiru Idris, Ƙauran Gwandu, wanda aka rantsar a 2023, malamin makaranta ne, har ya taɓa shugabantar ƙungiyar malamai ta Nijeriya duka, don haka ba sai an yi masa dogon bayani a kan aji da allo ba. Muna roƙon ko wace shekara, kafin a fara sai da fom, Gwamnati ta sanar ta rediyo da jarida sunayen makarantun lafiya da fannonin da aka yarda da su, don labari ya kai Ƙananan Hukumomi 21 na jihar. A tura masu binciken kuɗi a kai a kai, kada a jira sai hayaƙi ya tashi. A kuma ba makarantu isasshen kuɗin aiki, gama makarantar da aka bari da yunwa ita ke juyawa ta ci ɗalibanta. Duk sa'ad da aka kafa kwamitin bincike, a bayyana wa jama'a abin da ya gano, don mai gaskiya ya wanku, zargi kuma ya ƙare.

Masu aikin lafiya su ne suka fi kowa faɗin cewa rigakafi ya fi magani. Buga ɗan littafin dokoki bai kai kuɗin gyaran ɗaki ɗaya da wuta ta ci ba. Muna fata shugabannin makarantu za su karɓi wannan magana da kyakkyawar zuciya, gama gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba ɗalibai haƙuri da ilmi mai amfani, ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan rana. Amin.